An Sauke Inji An Ɗaura, Amma Tsohuwar 504 Tana Tafasa

Duk wanda ya taɓa ratsa Ƙetaren Gwari a Minna cikin watan Maris, sa'ad da zafin rana kan kusanci digiri 40, da wuya ya fita bai ga wata tsohuwar Peugeot ba, watau Fijo, an ɗaga mata bonet tana huci kamar madambaci. Mai ita yana gefe ya riƙe ƙugu, bakanike ya duƙa yana leƙe, yaron gareji kuma ya tsaya da jarkar ruwa yana jiran umurni. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa motar ba sakakkiya ba ce. Ba a daɗe da sauke mata inji aka ɗaura ba. An zuba sabon fistin da ringi da silib da metal, an yi fenti, an ɗinke kujeru. Kuɗi sun tafi, ga shi kuma ruwa yana tafasa tun ba a wuce gadar Chanchaga ba.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da yadda za a yi zato. A Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, da Sabo ta Badun da ta Shagamu, har can Anacha da Fatakwal, akwai waɗanda suka bar tsohuwar motar mahaifi a gida tana kwance gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a cikinta. In Allah ya buɗa, sai mutum ya ce bari a tashe ta, ko don tunawa da tsoho, ko don ta riƙa ɗauko doya daga Paiko, ko kuwa don in ya zo Salla ya sami abin hawa. Shi yana Ikko, mota tana Minna, abin da ke tsakaninsu waya ce da aike. Yau a ce masa lagireto ne, ya aiko. Jibi a ce famfon ruwa ne, ya aiko. Wani mako a ce ai gasket ya ƙone, sai an sake buɗe top silinda. Wanda bai san yadda ake bin sawun wannan ciwo ba, sai ya sayi rabin mota bai kai ga laifin ba. Wanda ya fi shi shiga uku kuwa shi ne wanda aka ce masa an gama, ya kwashi iyali ya kama hanyar nan mai fiye da kilomita 600 zuwa Ikko, inji ya kama tsakanin Bida da Mokwa da tsakar rana.

Tsohuwar zuma

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, kuma a cikin wannan shekara ce ma'aikatar haɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki. A farkon lamarin ta jirgin sama ake ɗauko kayan haɗin daga birnin Lyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna. Shekara guda bayan haka, a 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta tashi daga garin 'yan reluwe ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka cika gari, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Ke nan tare suka girma, garin da motar. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kenya ta ci gaba da haɗawa har 2004, Kaduna kuwa har 2006. Watau autar 504 ma ta manyanta, da yawa kuma sun ba shekara arba'in baya.

Mazauna Ikko za su tuna kishiyarta, Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda aka riƙa haɗawa a Ojo, hanyar Badagry, ita ma tun 1975. Wannan iska ce ke sanyaya ta, ba ruwanta da lagireto. Fijo kuwa ranta yana cikin ruwa kusan lita takwas. Injinta na fetur mai silinda huɗu ne, ko dai mai girman 1,796 ko 1,971, kwance a karkace. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, top silinda na alminiyam, silib ɗinsa kuma irin wanda ake zarewa ne, ruwa yana taɓa bayansa kai tsaye. Wannan ne ya sa injin ke da daɗin sabuntawa, shi ne kuma ya sa ba ya yafe gaggawa.

Fetur ɗin da inji ke ƙonawa ba duka ke zama tafiya ba. A ƙiyasce kashi ɗaya cikin uku ne, ko ƙasa da haka, ke juya ƙafa. Wani kashin ya bi salansa, sauran kuwa ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Saboda haka in mota tana tafasa, ko dai inji yana haifar da zafi fiye da ƙima, ko ruwa ba ya zagayawa, ko kuma iska ba ta ratsa lagireto.

Amma kafin duk wannan, sai an tabbata zafin na gaskiya ne. Allurar dashbod tana ƙarya, musamman bayan aiki. An ɗaura mata abin jin zafi na wata mota dabam, ko kuwa mai fenti ya shafe inda wayar at ke kama bodi. In an kunna fitila allura ta yi tsalle, to aikin rewaya ne, ba na mai lagireto ba. Yanzu akwai ma'aunin zafi mai kama da bindiga da ake nuna wa ƙarfe, ɗan'uwan wanda aka yi ta nuna wa goshi lokacin korona a 2020, sai dai na goshi ba ya wannan aiki. Inji mai lafiya yana zama tsakanin digiri 80 da 90. Wanda ya buɗe top silinda bai auna ba, ya yi wa mai lafiya tiyata.

Yaushe take yi?

Wannan ita ce tambayar da mai mota zai fara yi wa bakanike a waya, domin amsarta tana rage rabin lalube. A gosulo take zafi, ko a kan babban titi, ko kuwa da an tashe ta minti kaɗan allura ta hau?

In motar tana lafiya a kan hanyar Suleja amma da ta shiga cunkoson Kpakungu ko shataletalen Mobil sai allura ta tashi, to ruwa yana zagayawa, iska ce babu. Nan fanka ce abar tuhuma. Da yawa daga cikin Fijo na wancan zamani sun zo da fanka mai maganaɗisu. A sake take, ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi, sa'an nan wani makunni a jikin lagireto ya ba da wuta, ta bi ta wani ɗan gawayi, maganaɗisu ya damƙe ta. Bayan shekaru gawayin ya cinye, ko waya ta ɓace wajen fenti. Abin da ke ruɗin mutane shi ne fankar tana juyawa duk da haka, domin motsin inji yana jan ta, amma ba ta jawo iskar kirki. In an buɗe makulli ba a tashi inji ba, aka haɗa bakin wayoyin makunnin biyu, ya kamata a ji ƙas. In shiru, an gano laifi da kuɗi kaɗan. Wasu an riga an ɗaure tasu tana juyawa kullum, wasu kuma an ƙara musu fankar lantarki. Ita ta lantarki in an juya mata waya, sai ta riƙa tura iska waje. Gwajin ba wuya: a riƙe fallen takarda a gaban lagireto, in bai manne ba, akwai magana. A kuma duba abin da aka tsaya wa iska da shi, ko na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙara, ko manyan fitilun ado, ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da suka toshe saƙar, ko fenti mai kauri da aka fesa don lagireto ya yi sheƙi.

In kuwa akasin haka ne, tana lafiya a cikin gari amma da an taka totur a kan doguwar hanya ko hawa sai ta ɗauki zafi, to iska ta wadata, ruwa ne ba ya kwashe zafin. A nan ne aka fi yin asara, kuma dalilin mai sauƙi ne. Tsohon inji mai hayaƙi ba shi da ƙarfi, ana lallaɓa shi, saboda haka rabin lagireto ma ya ishe shi. Da aka sabunta shi ƙarfinsa ya dawo, direba ya sami abin takawa, zafi ya ƙaru, lagireto kuwa yana nan da toshiyarsa ta shekara talatin. An kashe kuɗi masu yawa a kan inji, an yi ƙyashin kaɗan a kan abin da ke raya shi. Zura tiyo a ga ruwa ya fito ta ƙasa ba shaida ba ne, domin ko bututu goma ne kawai a buɗe ruwan zai fito. In mota ta yi ɗumi aka kashe ta, a shafa saƙar da tafin hannu a hankali: duk inda aka ji sanyi alhali gefensa da zafi, bututun wurin ya toshe. Daɗin lagireton tagulla shi ne ana narkar da dalma a cire tanki, a bi bututun ɗaya bayan ɗaya a zure, a sake liƙewa. In saƙar ta ruɓe, sai sabuwa.

Akwai kuma wani tarko da ko gwanaye kan faɗa. Laka da tsatsa suna taruwa a gindin silib cikin gangar inji, musamman can baya inda ruwa ba ya da ƙarfi. Ranar da aka zare silib ita ce kaɗai ranar da hannu zai kai wurin. In ba a kankare an wanke tas ba, tafiyar farko mai zafi za ta ɓamɓaro dattin ta kai shi saman lagireton da aka zure makon jiya. Bakanike ya rantse an yi lagireto, kuma gaskiya ya faɗa, amma ya sake toshewa. Haka gam ɗin roba da yara kan lafta wa gasket: abin da ya tsattsafo ta waje, kwatankwacinsa ya tsattsafa ta ciki, ya tsinke ya bi ruwa. Sai kuma tarihin motar. Duk garin kwaki da ɗanyen ƙwai da sabulu da garin taba da wani direba ya taɓa zubawa don tsai da yoyo a kan hanya, suna nan ba inda suka je.

Famfon ruwan 504 a gaban top silinda yake, watau a sama. Ma'anar wannan ita ce in ruwa ya ɗan ragu, famfo sai ya riƙa juya iska. Haka in an cika ruwa da gaggawa bayan aiki iska ta maƙale a ciki. Shi ya sa ake zubawa a hankali, gaban mota yana kan tudu, a tashi inji tun yana sanyi murfi a buɗe, a jira ruwa ya faɗa, a ƙara. Shi kansa famfon, sabo ba ya nufin nagari. A Ladipo ta Ikko, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, ana samun na kirki ana samun jabu, kwali iri ɗaya. Akwai wanda farfelarsa ke sulɓewa a kan sanda in ya ji zafi. Fanbel mai sheƙi ko sako-sako shi ma yana zamewa in gudu ya ƙaru, tiyon ƙasa kuma in ya tsufa ya yi laushi, famfo kan zuƙe shi ya shafe kamar bakin jaka. Ana ganin wannan da ido in an ja totur mota tana tsaye.

Rigimar tamostat

Da wuya a sami tsohuwar mota a ƙasar nan da tamostat ɗinta a ciki. Abin da bakanike kan ce shi ne, Alhaji, ai wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba ya da amfani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har inji ya ɗumama, sa'an nan ta buɗe. In ta maƙale a rufe, mota za ta tafasa cikin 'yan mintoci lagireto yana sanyi, kuma cire ta a bakin hanya don a kai gida dabara ce mai kyau. Amma tamostat mai lafiya ba ta sa mota zafi. In ta buɗe ta buɗe. Motar da ke tafasa da lafiyayyar tamostat, in an cire za ta tafasa, sai dai ta ɗan jinkirta, jinkirin da zai sa ta wuce gari ta tsaya a daji. Bugu da ƙari, injin da ba shi da ita yana daɗewa bai ɗumama ba, balle da asubahin hunturu. Fetur yana wanke baƙin mai daga jikin silib, sabon ringin da aka saya da tsada yana cin kansa, mai kuma yana tafiya a banza.

Gwada ta ba ya bukatar komai sai tukunya da murhu. A rataya ta da zare cikin ruwa, a hura wuta, a ga ta buɗe sosai tun ruwan bai tafasa ba. Lambar da ke jikinta ita ce zafin da take fara buɗewa. A 504 a bakin tiyon sama take zaune, kuma yaro mai sauri yana iya juya ta, ɓangaren da ya kamata ya kalli inji ya kalli lagireto. In haka ta faru, ba za ta ji zafin da zai buɗe ta a kan lokaci ba.

Murfin lagireto kuwa shi ne ƙaramin da aka rena. A tsayin ƙasa irin na Minna ruwa yana tafasa a kusan digiri 99. In murfi ya riƙe matsi na rabin bar, sai ya kai kusan 111 kafin ya tafasa, in bar ɗaya ne kuwa kusan 120. Murfin da robarsa ta tsage, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, ya zubar da wannan rata duka. Motar za ta riƙa amai kaɗan-kaɗan duk sa'ad da aka tsaya, ruwa ya ragu, famfo ya rasa abin ja. Sai dai kuma kada a ɗora wa tsohon lagireto murfin da ya fi ƙarfinsa, dalma za ta buɗe.

Zafin da inji ke ƙirƙira da kansa

Wani lokaci duk hanyar ruwa lafiya take, wutar ce ba ta tashi a kan ƙa'ida. In taimin ya yi baya, fetur yana ci gaba da ci bayan fistin ya yi nisa da sauka, zafin da ya kamata ya zama ƙarfi sai ya shiga jikin silib da bakin salansa. Alamarsa mota mai nauyin tashi, mai shan mai, wadda bakin salansarta kan yi ja da dare. Saita taimin da kunne a sulo ba ya isa, domin a cikin distiributo akwai 'yan ƙarafa masu buɗewa da gudu su matso da wuta gaba. In sun yi tsatsa, mota za ta yi daɗi a tsaye ta yi zafi a guje. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma, rage jet na kafireto ya zama abin sha'awa ga masu tsofaffin motoci. Injin da aka ƙuntata wa fetur yana gudu da zafi, yana kuma iya ƙona bawul. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sabon aiki yana da nasa ɗumi, gaskiya ne, domin ringi bai zauna ba tukuna. Amma ɗumi dabam, tafasa dabam. In mota ta yi zafi aka kashe ta, sa'an nan kik ya kasa juya ta sai ta huce, to an ɗaure wani abu fiye da ƙima, ko ba a auna bakin ringi ba, ko metal ya matse. Wannan ba ya warwarewa da haƙuri. Birki ma yana shiga cikin lissafi: in an yi 'yar tafiya aka ji wata ƙafa ta fi sauran zafi, inji yana jan mota ne da birki a kame.

Sai babban, wanda kowa ke tsoron ji. A wannan inji bakin kowane silib dole ya ɗan ɗara saman gangar inji da abin da bai kai kaurin takarda mai kyau ba, kuma dukansu huɗu su yi daidai da juna. Da wasu siraran zobba da ake sa wa a gindinsu ake daidaita wannan, da ma'auni, ba da farce ba. In ɗaya ya yi ƙasa, gasket ba zai danne shi ba, iskar wuta za ta riƙa kutsawa cikin ruwa. A canza gasket sau uku, sau uku zai ƙone. Haka in an cire top aka juya inji ba a danne silib ba, sai su ɗaga, abin da ke gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Shi top ɗin na alminiyam in ya taɓa shan zafi yana banƙarewa. Ana kai shi wurin tona a share, amma in aka share fiye da ƙima matsin silinda yana ƙaruwa, mota ta riƙa ƙarar tsakuwa a hawa, wannan ma zafi ne. Ɗaurin kusoshinsa daga tsakiya ake farawa a yi waje, da sifana mai awo, ba da bututun ƙarfe da ƙarfin yaro ba, kuma tsohuwar ƙa'idar wannan inji ita ce a sake bin su bayan kusan kilomita 1,000, inji yana sanyi. Ita wannan komawa ta biyu ita ce mai mota kan ga kamar neman kuɗi ne, ya ƙi zuwa.

Alamun ba su ɓuya. Da safe, inji yana sanyi, a buɗe murfi a tashe ta: in kumfa tana ɓulɓulowa ba fasawa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti biyu, iskar wuta ce. In baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko salansa tana farin tururi bayan mota ta ɗumama, ko an kwance fulogi aka ga ɗaya fes kamar an wanke shi sauran suna da toka, to ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Akwai kuma wani shuɗin ruwa na gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in akwai hayaƙin inji a ciki. Mai mota yana da haƙƙin ya tambaya wace alama aka gani daga cikin waɗannan kafin ya yarda a buɗe top. In aka ce babu ko ɗaya, kawai dai ana zato ne, to ya ce a dakata.

Ruwan da ake zubawa ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ɓawo kamar na cikin butar shayi, na rafi kuma yana zuwa da lakarsa. Ga baƙin ƙarfe, ga alminiyam, ga tagulla, duk cikin ruwa ɗaya, kuma alminiyam ne ke fara cinyewa. Masu cewa kulant maganin ƙanƙara ne, ƙasar nan kuwa ba ƙanƙara, sun faɗi rabin aikinsa ne. Ɗaya rabin shi ne hana tsatsa da ɗan ɗaga zafin tafasa. Ba ya warkar da motar da ke da toshiya, amma yana hana toshiyar dawowa. A gauraya shi da ruwa mai tsabta, na sama da aka tace ko wanda ake zuba wa batir. A kuma kula, guba ne mai zaƙi. Kada a ajiye ragowarsa a kwalbar lemo inda yara suke, kada a zubar inda awaki ke sha.

Kafin a kama hanya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da aka gama yau ba ta kama hanyar Ikko gobe. Sai ta yi kwanaki tana zirga-zirga tsakanin Bosso da Chanchaga, ta sha gosulon rana, sa'an nan a kai ta Paiko ko Lambata a dawo, da farko ba kaya, daga baya da kwatankwacin kayan da za ta ɗauka, har da na kan rufi, domin buhunan da ke tare iska su ma aiki ne ga inji. Kowace safiya a duba ruwa da baƙin mai, a kuma leƙa ƙasa inda ta kwana.

In duk da haka allura ta hau a kan hanya, a sauka gefe. In fanka tana aiki kuma ba a ga ruwa yana zuba ba, a bar inji ya ɗan yi sulo allura ta sauko. In tururi yana fita ko fanbel ya tsinke, a kashe nan take. Kada kowa ya taɓa murfi, domin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100, yana buɗewa zai taso gaba ɗaya a fuska da hannu, kuma yawanci yaron mota ake turawa. Kada a kwara wa top ruwan sanyi, alminiyam zai banƙare ko ya tsage. A jira aƙalla rabin sa'a har a iya riƙe tiyon sama a matsa shi ya yi laushi, a rufe murfi da tsumma mai kauri, a juya shi rabi ya huce, kana a cire. In za a ƙara ruwa, a tashi inji a zuba kaɗan-kaɗan.

Masu fitowa daga Minna kan so su tashi da asuba don su haye gadar Jebba kafin rana ta take. A bayan mota a tanadi jarkar ruwa mai lita goma, da fanbel, da tiyon sama da na ƙasa da kilif ɗinsu, da murfin lagireto guda, domin ba kowane mai shago ne a Mokwa ko Ogbomosho ke ajiye kayan 504 ba yanzu.